Tambaya da Amsa: Ƙarar guduma a bidiyon darasi

Tambaya: Malam, ina ɗaukar bidiyon maƙeran azurfa a gidan tarihi na Boubou Hama don ɗalibaina, amma ƙarar guduma tana danne bayaninsu. Yaya zan yi? Daga wata malama a Yamai.

Amsa: Malama, makirufon salula ba ya tantance sauti, wanda ya fi ƙarfi shi yake rinjaye. Ki raba aikin biyu. Da izinin maƙerin, ki fara ɗaukar hannunsa kusa-kusa, wayar a kwance, haske ta bayanki don azurfar ta fito. Sannan ya ajiye guduma, ki maƙala masa ƙaramin makirufo taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ya yi bayani. Ki ɗora muryar kan hoton a CapCut, manhajar haɗa bidiyo ta waya. Minti 3 ya wadatar, zai fi saurin tafiya a WhatsApp.