Takunkumin man da ya gabaci harin Pearl Harbor

Tambaya: Malam, ina jin labarin yadda Amurka ke hana China sayen wasu na'urorin kwamfuta. Hana abokin hamayya kaya sabuwar dabara ce, ko an taɓa yi? Kuma tana aiki kuwa?

Amsa: Ba yau aka fara ba. Tun a 1806 Napoleon, sarkin Faransa, ya yi ƙoƙarin rufe wa kayan Ingila ƙofar Turai, 'yan fasa-ƙwauri suka ci kasuwarsu. Amma abin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na Amurka da Japan.

Ranar 2 ga Yulin 1940 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a wata doka da ta ba shi ikon hana fitar da kayan da tsaron ƙasa ke buƙata, sai da lasisi. A lokacin Japan ta shekara uku tana yaƙi a China, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take amfani da shi daga Amurka yake zuwa. Aka fara da man jirgin sama. A watan Oktoba aka hana ta tsofaffin ƙarafa, waɗanda masana'antunta ke narkarwa.

Da sojojin Japan suka shiga kudancin Indochina (yankin Vietnam, Laos da Kambodiya na yau) a Yulin 1941, sai Amurka ta riƙe duk kuɗin Japan da ke bankunanta, Ingila da Holan suka bi sahu. A nan nake so ka lura sosai. A takarda ba a ce an haramta sayar da mai gaba ɗaya ba. Cewa aka yi sai ɗan kasuwa ya nemi lasisin fitar da man, sannan a nemi izinin taɓa dalolin da za a biya. Takardun suka taru a gaban Dean Acheson, babban jami'i a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, da abokan aikinsa a Washington, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Jiragen dakon mai na Japan suka yi ta jira a gaɓar California, ciki wayam.

Dabarar ta yi aiki, domin ta matse Japan matuƙa. Sai dai ba ta sa ta janye daga China ba. Shugabannin soja a Tokyo suka lissafa man da ya rage musu, suka yanke shawarar ƙwace rijiyoyin man Indonesiya, wadda ke hannun Holan a lokacin, kuma don kada rundunar ruwan Amurka ta tare musu hanya, suka afka mata a sansaninta na Pearl Harbor da ke Hawaii ranar 7 ga Disamban 1941. Ba ina wanke Japan ba ne, ita ta zaɓi yaƙi. Amma ina ganin waɗanda suka danne takardun nan ba su auna yadda wanda aka kai bango zai juyo ba.

Bayan yaƙi, a 1949, Amurka ta yi sabuwar doka, ita da ƙawayenta kuma suka kafa kwamitin CoCom a Paris don hana Tarayyar Sobiyet kayan fasaha. An rushe shi a 1994, yarjejeniyar Wassenaar ta maye gurbinsa a 1996. Ƙa'idojin da aka ɗora wa China a Oktoban 2022 su ma da lasisi suke aiki.