Likita, zan iya gudun fanfalaki bayan na gama kemo?

Wasiƙun wannan makon sun zo ne daga 'yan Zangon Accra da suka shiga ƙungiyoyin gudu masu tara wa masu ciwon daji kuɗi. Na zaɓi huɗu.

Tambaya: Likita, ni ɗan Nima ne, shekarata 27. Sankarar mama ce ta yi ajalin mahaifiyata bara, shi ya sa na sa sunana a gudun fanfalaki. Saura mako takwas. Ina buga ƙwallo duk Lahadi a Kawukudi, ya isa?

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya, ya karɓi niyyarka. Amma ɗana, bai isa ba. Cikakken gudun kilomita 42 ne da ɗoriya. Ka tashi daga Tetteh Quarshie ka bi motowe har Tema ka juyo, kilomita 38 ke nan, da sauran huɗu a gabanka. Ƙwallo zabura ce da tsayawa, wannan kuwa awa huɗu ko biyar ne ƙafa na dukan kwalta. Sabon shiga yana buƙatar mako 16 zuwa 20, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, domin numfashi yakan saba da wuri, amma ƙashi da jijiya sai a hankali. Ka ce su mai da kai kilomita 10, ko rabi, wato 21, in har yanzu kana iya goma ba tsayawa. Wanda ya yi maka alkawarin gudummawar sidi ɗari in ka yi gudun ba zai janye ba. Sannan ka je a duba jininka. Masu AS, wato masu ɗauke da irin sikila, suna da yawa a Gana, kuma gudun ƙure ƙarfi cikin zafi yana iya kayar da su farat ɗaya.

Tambaya: Shekarata 46, ina Madina. An yi mini aiki a nonon hagu, na gama kemo, wato maganin ciwon daji, da gashi na na'ura a asibitin Korle Bu shekara guda ke nan. Ina so in bi ƙungiyarmu, amma maigida ya ce in zauna in huta.

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Maigida tausayi ne ya sa shi faɗin haka, sai dai zama ba ya korar kasalar da kemo ke bari. Motsa jiki ne ke rage ta. Abin da nake so ki fara yi shi ne ki koma wurin likitanki ki tambaye shi sunan magungunan da aka ba ki. In akwai wani ja da ake sa wa ta jijiya, doxorubicin, ko kuma Herceptin, dukansu suna iya raunana tsokar zuciya, wani lokaci ba a gane ba sai bayan shekaru. Gashi a ɓangaren hagu ma kusa da zuciya yake. Don haka a yi miki hoton zuciya, wanda suke kira eko, a duba yawan jininki. In duk lafiya, ki fara da tafiya mai sauri bayan asuba, minti ashirin, sai ki riƙa sa sassarfa ta minti ɗaya a tsakani. In an cire miki kaluluwar hammata, ki lura da hannun: ranar da zobe ko awarwaro ya fara matse ki, kumburi ne, ki zo a gani. Ciwon baya ko na ƙugu da ke tashe ki da dare kuwa, kada ki ɗora wa gudu laifi, a duba ƙashin. Bana kilomita biyar ta ishe ki. Ki ja Alhaji ku fita tare ma, na tabbata awon jininsa zai amfana.

Tambaya: Kocinmu ya ce mu sha ruwa a kowace tasha ko ba ƙishi. Haka ne?

Amsa: A'a, malam. Ranar Accra da gumin bakin teku ba wasa ba ne, amma ɗirkar ruwa ma tana da nata haɗarin. Zufa tana fita da gishiri, kai kuma kana ta zuba ruwa zalla, sai gishirin jini ya tsinke: ciwon kai, amai, ruɗewa, har suma. Masu gudu a hankali ya fi samu, don sun fi daɗewa a hanya. Ka sha in ka ji ƙishi. In gudun ya wuce awa ɗaya, ka haɗa da ORS. Ka hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo. Kilo ɗaya da ya ragu, ledar ruwa biyu ke nan za ka rama. In nauyin ya ƙaru, ka sha fiye da kima.

Tambaya: Gwiwata na ciwo tun da muka hau Ayi Mensah zuwa Peduase. Zan iya shan diclofenac kafin in fita?

Amsa: Kada ki kuskura. Shi da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga kuma zufa ta riga ta tsotse jiki. Gangarowa ce ke cin gwiwa, ba hawan ba. Ki huta kwana uku, ki sa ƙanƙara, ki duba ko gindin takalminki ya cinye ta gefe ɗaya. In ta kumbura ko tana maƙalewa, ki kawo ta asibiti.