Amsoshin tambayoyinku: Ina so in yi wa manhajata ƙofar jona filogin, me zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhajar lissafin kaya don masu kantin magani, bayanan suna zaune a cikin rumbun bayanai na PostgreSQL. Yanzu shaguna da dama tsakanin Tudun Wada, Kawo da Rigasa suna aiki da ita, kuma kowa da tasa buƙatar. Wannan yana son littafin bashi, wancan yana son a riƙa turo masa tes idan magani ya kusa lalacewa. Na gaji da yi wa kowa kwafinsa daban. Ina so in tsara yadda za a riƙa jona ƙananan manhajoji, wato filogin, a jikin babbar. Abokina ya ce in kama hayar saba, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci ke jonuwa da ita, in gina shago irin Play Store, amma kuɗin hannuna ba yawa. Daga wani matashi a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Abokinka yana so ka ɗauki Dala ba gammo. Shagunan da za ka iya zagaye su a Keke Napep cikin yini guda ba su buƙatar shagon intanet. Filas ta ishe ka, ko ka tura musu fayil ta WhatsApp.

Tun da PostgreSQL kake amfani da ita, malaminka yana cikin gida. A sigar 9.1 da ta fito a 2011 aka kawo umarnin CREATE EXTENSION, kuma abin da ke ƙarƙashinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .control da ke faɗin sigar filogin ɗin da sauran filogin da ya dogara da su. Akwai fayil ɗin SQL mai ɗauke da sunansa da lambar sigarsa. Sannan rumbun yana rubuta duk abin da aka girka a wani jadawali nasa mai suna pg_extension. Da wannan ɗan tsarin ake girka PostGIS, filogin ɗin bayanan taswira, wadda manyan hukumomin taswira na duniya suke aiki da ita. Littafin bashin mai kemis a Kawo bai fi ta nauyi ba.

To ka kwaikwaya. Kowane filogin folda guda. A ciki ka sa takardar shaida, fayil ɗin JSON ya wadatar, mai faɗin suna, siga, da mafi ƙarancin sigar babbar manhajar da zai iya zama a kanta. Sai fayilolin SQL masu lamba a jere. Sai jadawali ɗaya a rumbunka da zai zama rajista: me aka girka, wace siga, yaushe, wane mataki aka kammala. Mai girkawa ya karanta takardar shaida, ya duba rajista, in sigar ba ta dace ba ya ƙi, ya kuma faɗi dalili da Hausar da yaron shago zai gane.

Girkawar farko ba ita ce wahalar ba, kowa zai iya. Ranar sabuntawa ake sanin gwani. Na taɓa zama a bayan kanta a wani shago ina sabunta irin wannan manhaja, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu, kwamfutar tebur ce ba batir. Da wuta ta dawo, sabon jadawali ya samu, amma ba a kwashe tsofaffin bayanai zuwa cikinsa ba. Manhajar ta buɗe tana nuna babu wanda ake bi bashi. Mai shagon, dattijo ne, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Yaro, ina kuɗina?" Sai bayan isha'i na bar wurin. Laifina ne, domin na bar matakan a warwatse. PostgreSQL tana ba ka damar ɗaure ƙirƙirar jadawali, da canza shi, da rubutu a rajista duk a cikin BEGIN da COMMIT guda. Ko dai duka su shiga, ko kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya rumbun ya koma yadda yake kamar ba a taɓa shi ba. A garin nan wannan ba ado ba ne.

Ka lura da yadda masu PostgreSQL suke sa wa fayil ɗin sabuntawa suna: sunan filogin, sai tsohuwar siga, sai sabuwa, misali daga 1.0 zuwa 1.1. Shagon da ya yi wata shida bai sabunta ba sai a bi da shi tsani-tsani har ya iso. Kada ka taɓa gyara fayil ɗin da ya riga ya fita zuwa shaguna, ka rubuta sabo a gabansa.

Za ka ce, me zai hana in yi amfani da CREATE EXTENSION ɗin kai tsaye? Kana iyawa, amma akwai rami biyu. Na farko, jadawalin da aka ƙirƙira a cikinsa na filogin ne, ranar da aka ce DROP EXTENSION sai ya tafi da su har da abin da ke ciki. Na biyu ya fi ban tsoro domin shiru yake yi: pg_dump, mai ɗaukar kwafin rumbun, ba ya kwashe bayanan irin waɗannan jadawali cikin kwafin ajiya sai in ka yi musu rajista da pg_extension_config_dump. Mutum na ganin yana da ajiya, ashe littafin bashi ba ya ciki. Shi ya sa ga irin aikinka na fi son ka rubuta naka ɗan mai girkawar, kowane filogin ka ba shi ɗakinsa da CREATE SCHEMA, kuma maɓallin cirewa ya zama kashewa kawai, bayanai su tsaya. Gogewa ta dindindin sai mai shago da kansa ya nema.

In dole sai ka sayi wani abu, sayi ƙaramin UPS don gwaji da filas biyu masu kyau. Ka samu tsohuwar kwamfuta ka riƙa zare mata waya da gangan tana tsakiyar girkawa, ka ga me zai faru.

Tambaya: Malam, ni rajistar ɗalibai nake yi wa makarantun kuɗi. In ɗauki rumbun MySQL ko na SQLite idan ina son irin wannan tsari? Daga wata 'yar'uwa a Barnawa.

Amsa: Malama, in makarantar kwamfuta ɗaya ce a ofishin akawu, ɗauki SQLite ki huta. Rumbun gaba ɗaya fayil guda ne, ki rufe manhajar ki kwafe shi kafin kowace girkawa, kuma ita ma tana iya janye ƙirƙirar jadawali in aiki ya katse. In kuwa malamai da yawa za su riƙa shigar da maki a lokaci guda, to sai rumbu mai saba. MySQL tana aiki, sai dai ki san halinta: da zarar kin ce CREATE TABLE ko ALTER TABLE, takan tabbatar da abin da ya gabata nan take, babu komawa baya. Sigar 8.0 ta 2018 ta gyara yadda umarni ɗaya ba zai tsaya rabi da rabi ba, amma ba ta ɗaure miki umarni biyar wuri guda. Don haka kowane mataki ki rubuta shi yadda ko an maimaita ba zai yi ɓarna ba, ki sa shi a rajista da zarar ya kammala. Umarnin INSTALL PLUGIN da za ki gani a littafinta na wani abu ne daban, na ɗora wa injin kansa kaya, ba ruwanki da shi yanzu. Da ni ne, kuma ban fara rubutu ba, PostgreSQL zan ɗauka.

Tambaya: Wasu yara da nake koya wa aiki suna so su rubuta wa manhajata filogin su sayar. In ƙyale su? Daga wani mai shago kusa da Kasuwar Barci.

Amsa: Ƙyale su, Alhaji, amma da linzami. Filogin da aka rubuta da yaren C aka ɗora a cikin injin rumbu yana da ikon da injin yake da shi, in ya faɗi yana iya faɗuwa da kowa. Saboda haka ne SQLite take zuwa da ƙofarta ta ɗora filogin, wato load_extension, a kulle, PostgreSQL ma sai a siga ta 13 ta 2020 ta yarda wanda ba babban mai iko ba ya girka wasu zaɓaɓɓu da ta amince da su. Yaranka su tsaya a SQL da yaren da ka rubuta manhajar da shi, kowane filogin da asusunsa mai iyakantaccen izini. Komai ya biyo ta hannunka, ka karanta, ka sa masa hannu na lantarki da makullinka na sirri, manhajar kuma ta ƙi duk foldar da ba ta ga hannunka a kai ba. Lambar tantance fayil ta SHA-256 kaɗai tana nuna fayil bai lalace a hanya ba ne, ba ta faɗin wanda ya turo shi. Batun rabon kuɗi kuma ku rubuta shi a takarda tun kafin a sayar da na farko.