Amsa: Dalilin da gonakin Amurka suke murabba'i

Malam, ka tambayi me ya sa gonakin tsakiyar Amurka suke kamar an ja su da rula a taswira. Aikin masu awon fili ne. Dokar 1785 ta sa aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace mil 6 tsawo da faɗi, aka raba ta kashi 36, kowane kashi eka 640. Da sarƙa mai ƙafa 66 suke awo, su kafa turke a kusurwa, su sassaƙe bishiyar da ke kusa ta zama shaida.

A 1862 shugaban Amurka Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar ba mutum eka 160, wato kwata na kashi guda, in ya zauna ya noma shekara 5. Abin takaici, yawancin filin nan na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora da ƙarfin bindiga.