Fatawa: Auna Garuruwa Kafin Tafiya Ci-rani

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni magini ne a nan Damagaram. Ina da mata da ƴaƴa biyu, mahaifiyata ma tana hannuna. Aiki ya yi ƙaranci, ina son fita ci-rani, kuma garuruwa huɗu ne a gabana: Tamanrasset ta Aljeriya, Sabha ta Libiya, Kano da Abijan. Na daɗe ina tambayar waɗanda suka je. Wani abokina ya ce yawan bincike raunin tawakkali ne, rabo ba ya wuce mai shi. Ya kuma ce Aljeriya da Libiya ƙasashen Musulmi ne, dole sun fi Abijan. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, fita neman halali halas ce. Allah ya ce a Suratul Mulk, aya ta 15, ya hore mana ƙasa, mu yi tafiya a sasanninta mu ci daga arzikinsa. Binciken da kake yi kuwa abin nema ne, kuma ga mai iyali irinka ya kai wajibi, domin kuskurenka ba kai kaɗai zai ci ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya tara sahabbai ya yi shawara, sannan ya juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ba wanda zai ce Umar ya gaza a tawakkali. Kai kanka ba ka zuba harsashin gini sai ka duba ƙasar wurin.

Maganar abokinka ta biyu ta fi buƙatar gyara. Lokacin da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, a shekara ta biyar bayan aike, Annabi (SAW) ya tura sahabbansa Habasha, alhali sarkinta Najjashi Kirista ne a lokacin. Dalilin da ya bayar shi ne akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ashe ma'aunin shi ne aminci da adalci, da ikon bayyana addini. A Abijan akwai masallatan Juma'a, akwai ƴan Nijar da suka daɗe a unguwanni irin su Ajame, ba mai hana ka sallah ko azumi. Garin da ake kiran sallah a ko'ina cikinsa, amma kai kana ɓoye a kangon gini kana tsoron fita Juma'a kada a kama ka, bai ba ka abin da sunansa ya yi maka alkawari ba.

A nan nake so ka tsaya da kyau, domin mu mutanen jihar Damagaram mun biya kuɗin hanyar sahara da rayuka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a sahara tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance. Wanda ya tsira ya isa Tamanrasset ba takarda kuwa, kullum yana cikin fargabar kame. Jami'an tsaro kan kwashe mutane daga wurin aiki, har da mai bin ubangidansa kuɗin watanni, wasu a zube su kusan kilomita 15 daga Assamaka, garin Nijar na kan iyaka, su ƙarasa da ƙafa. Sabha ta fi muni: can ne ake da gidajen bashi, inda ake tsare mutum ana dukansa ana buga wa danginsa waya su aiko kuɗi. An soke dokar Nijar ta 2015 mai hana safarar baƙin haure a watan Nuwamba na 2023, motoci sun koma fita daga Agadas a fili, amma soke doka a Yamai bai rage faɗin sahara ba, bai kuma canza dokar Aljeriya ba.

Don haka abin da na gani shi ne bai halatta gare ka ka bi ta ɓarauniyar hanya zuwa waɗannan garuruwa biyu ba, saboda faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka, da ƙa'idar malamai cewa kawar da ɓarna yana gaban jawo amfani. Na san albashin can ya fi tsoka, na kuma san wasu sun je sun dawo sun gina gidajen siminti. Amma waɗanda suka dawo kake gani, waɗanda rairayi ya binne ba su da bakin ba ka labari. In ka samu biza da kwangilar aiki rubutacciya, hukuncin ya sauya, sai a koma ga auna sauran abubuwa.

Tsakanin Kano da Abijan kuwa zaɓi naka ne, duka halas. Kano tafiyar yini ɗaya ce ta Magarya ko Matamai, harshe ɗaya, abinci ɗaya, in an ce tsohuwa ba lafiya ka kwana a gida. Illarta naira ce, wadda ta faɗi ƙwarai tun 2023, ladan da ya cika aljihu a can yakan ƙanƙance in an mayar da shi sefa. Abijan sefarta ita ce tamu, jika guda a can jika guda ce a Kasuwar Dole, sai dai nisa da tsadar haya. Kada ka tambayi nawa ake biyan magini kawai. Tambayi nawa ke saura bayan ɗaki da abinci da kuɗin mota. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025, ka tabbatar da takardun da ake nema yanzu kafin ka yanki tikiti.

Sai haƙƙin waɗanda za ka bari, wanda matasa suka fi sakaci da shi. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda yake ciyarwa. Ka nemi yardar mahaifiyarka, ka bar wa matarka hatsi da kuɗin cefane da za su kai ta har aikenka na farko, ku kuma yi magana ƙarara kan tsawon zamanka. A mazhabar Malikiyya, matar da aka bari ba ciyarwa tana da ikon kai ƙara gaban alƙali a raba auren. Ta wannan fuskar ni na fi karkata ga Kano a gare ka, saboda tsohuwa da ƙananan yara, sai fa in kana da amintaccen mutum a Abijan da ya riga ya samo maka aiki da masauki.

Ka tambayi wanda ya dawo da riba, ka kuma nemi wanda ya dawo hannu rabbana ka ji ta bakinsa. Bayan haka ka yi raka'a biyu na istihara, ka karanta addu'ar da Jabir ya ruwaito, ka ambaci sunan garin da zuciyarka ta tsaya a kai. Ba sharaɗi ba ne sai ka yi mafarki. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya tsare hanya.

Wallahu a'alamu.