Murjanin Akwatina Na Yin Fari, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa akwatin gilashi na ruwan teku mai cin lita 200, yau sati uku, na sa murjani biyar. Biyu sun fara yin fari, yashin ƙasa kuma ya yi jaja-jaja kamar tsatsa. Ruwan na raguwa kullum, ina cike shi da ruwan gishiri. Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, daina cikon nan da ruwan gishiri tun yau. Ruwa ne kaɗai ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan zaune, kai kuma kana ƙara masa wani. Ciko da ruwa zalla ake yi, wanda na'urar RO (matatar da ke cire gishiri da sinadarai daga ruwa) ta tace. Na famfo akwai kilorin, na rijiya kuma yakan zo da sinadarin naitiret. Auna gishirin: giram 35 ake so a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri. In ya haura, sauko da shi cikin kwana uku ko huɗu, ba dare ɗaya ba. Gishirin kuma na akwatin murjani ake nufi, ba na miya ba, ba na Bilma ba.

Sai zafi, babban abokin gabanka a garin nan. Murjani dabba ne, a naman jikinsa akwai ƙananan tsirrai da ke ba shi abinci da launi. Digiri 24 zuwa 26 yake so. Ruwa ya daɗe a 30, sai ya kore su, ka ga farin ƙashinsa ta cikin nama. A Afrilu da Mayu, da inuwa ma ke wuce 40, sai da na'urar sanyaya ruwa. Kafin ka samu, kafa fanka tana hura saman ruwan, ka jefa gorar ƙanƙara a rufe ruf. Tanadi ƙaramin famfon iska mai batir, don in wuta ta ɗauke ruwan ya tsaya, iskar shaƙa ce ke fara ƙarewa.

Gaskiya ka yi gaggawa. Sabon akwati na bukatar sati huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniya (gubar da ke fitowa daga dattin halittu) naitirait, sannan naitiret, su kankama. Kar ka ƙara komai sai amoniya da naitirait sun nuna sifili a gwajin ruwa.

Alkali, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, ya tsaya tsakanin maki 7 da 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, maganiziyam wajen 1300. In alkali ya yi ƙasa, giram 6 na garin bekin soda zai ɗaga lita 200 da maki ɗaya. Narka shi a ruwan RO, ka zuba kaɗan-kaɗan gaban famfon da ke juya ruwan akwatin, kar ka wuce haka a yini.

Jan yashin kuwa kar ya dame ka, gansakukar sabon akwati ce, tana wucewa. Canja lita 20 duk sati, ka rage hasken fitila. Leƙa fararen biyun da tocila da dare: in ƴan bakunansu na buɗewa, da sauran rai. Wanda namansa ke saɓulewa, cire shi.