Me zan dafa wa ƙawayena ranar Asabar?

'Yar uwa, kin ce ƙawayenki za su zo da yaransu, ga aljihu ba nauyi. Ni dai dambun shinkafa nake ba ki shawara: ɓarzajjiyar shinkafa, zogale, albasa, attaruhu da dakakkiyar gyaɗa. Ki turara sau biyu, kar ki cika yayyafa ruwa, sai ya caɓe. Ki soya man gyaɗa da albasa, yaji a gefe, kowa ya zuba daidai bakinsa. Zoɓo kuwa tun daren Juma'a ki haɗa da citta da kanumfari.

Bayan la'asar, tunda a Kano kike, ku kwashi yaran zuwa gidan namun daji na Audu Bako. Dutsen Dala ki bari sai sun ƙara wayo, hawan matakalar nan ba na ƙanana ba ne.